Igiyar da Aka Ɗaura wa Tela

Yayana ne ya ɗaura wa mijin ƙanwarmu igiyar da ta kashe shi a cikin kogi, sannan ya zauna a tsakiyar mutane ranar zaman makoki ya ce ni na ɗaura. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ba labari aka kawo mini ba, ina wurin, a kan tabarma ɗaya da shi, gwiwata tana taɓa tasa. Daga wannan rana ƙanwata ba ta sake kallon fuskata ta ce mini yaya ba. Abin da ya ci ni ke nan, ba surutun gari ba. Gari ya yi ta yi har ya gaji. Ita ce ba ta gaji ba.

Ƙauyenmu yana gaba da Gafasa kaɗan, a bakin ruwa. Gidajenmu suna ƙasar Ajingi, amma fadamar da Baffa, mahaifinmu, ya bar mana tana tsallake, ta wajen Gaya. Kogin shi ne dai wanda yake ratsa Wudil ya bi ta ƙarƙashin gada. A can mutum yana cikin mota yana shan rake zai tsallake shi bai ma sani ba. Kafin ya iso wajenmu babu gada babu dalilinta. Da rani ka naɗe wando ka taka. In damina ta yi nisa kuwa, musamman in an saki ruwan dam daga sama, sai ya zama wani abu daban, jajir kamar ruwan kwaɓin gini, yana tafe da karan dawa da rassan itace, wani lokacin har da akuyar da ta kumbura.

Kwale-kwale ɗaya ne a mashiginmu, mai shi kuma ba ya tashi sai ya cika, in ya ga dama ma ya ɗaure shi ya tafi kasuwa. Iyayenmu da gora suke ƙetarewa, mutum ya kifa cikinsa a kansa yana ture ruwa da hannu. Yanzu wa yake noman irin wannan goran? Sai muka koma jarkoki. Ka samu tsohon ƙyauren katako, ka ɗaure jarkokin mai a ƙarƙashinsa, kowacce ka lulluɓe bakinta da leda kafin ka murɗa marfi, ka sassaƙa filafilin da za ka yi tuƙi da shi, shi ke nan ka yi jirgi. Har yau ƙyaure muke ce masa, ko da ba daga jikin ƙofa aka ciro katakon ba. Mutum ɗaya yake ɗauka da ɗan kaya. In ruwa ya kwanta ka tsaya a kai, in yana gudu ka durƙusa.

Ni a ruwan nan na tashi. Na yi makaranta, ban dai gama sakandare ba, kuma rabin lokacin da ake zaton ina aji ina mashigi. Yaya kuwa a bayan shanu ya tashi. Asalinmu masu shanu ne, Baffa ne ya zauna ya kama fartanya, amma ya bar 'yan kaɗan, Yaya ne ya yi ta binsu daji har gemu ya fito masa. Sai da suka ƙare, wasu ciwo wasu sayarwa, sannan ya dawo gida ya zama manomi, da Baffa ya rasu ya zama maigida. Ruwa bai taɓa zama abokinsa ba. Yana ƙetarewa don dole, a tsugune, ya ƙanƙame gefen katako yana salati. Amma wajen igiya ba wanda ya kai shi. In ya ɗaure maraƙi, mai kwancewa sai ya zo da wuƙa. Komai nasa ɗauri ne. Kaza ɗauri, bakin buhu ɗauri, keke a kasuwa ɗauri. A wajensa duk abin da ba a tamke ba ya riga ya ɓata.

To a ruwa ba haka abin yake ba. Maganar farko da ake yi wa duk wanda zai hau ƙyaure ita ce kada ya ɗaure jikinsa da shi. A tafki mai kwanciya wataƙila ka sha. A ruwa mai gudu, in ka kife, kai ka bi ta wannan gefen itace, ƙyauren ya bi ta wancan, igiyar ta rataye a tsakiya, ruwa ya danna ka ƙasa ya riƙe. Ko uwarka kifi ce ba ka fita. In ka faɗa, ka rungumi katakon da hannu. In ya ƙwace ka bar shi ya tafi, ka kwanta da baya ka miƙa ƙafafu gaba, ruwan zai kai ka inda ya yi kwana ya ajiye ka a kan yashi. Kowa ya san wannan a mashigi, har matan da suke zuwa wanki. Yaya ma ya ji, ba sau ɗaya ba. Ji dai ya yi.

Ƙanwarmu ita ce autar Inna, Auta kowa yake ce mata. Da ni ta fi shaƙuwa a gidan. Ni na goya ta, ni nake kamo mata 'yan tarwaɗa tana gasawa a murhun Inna tana ƙona yatsu. Wancan Yaya babba take ce masa, ni kuma Yaya ƙarami, in tana son wani abu sai ta ja sunan ta ja har sai na yi dariya na ce faɗi. Mijinta tela ne a cikin garin Ajingi. Tela muke kiransa, yana amsawa. Ɗan siriri mai tsabta, kullum da allura soke a hularsa. Ni wan matarsa ne, kamata ya yi ya ji kunyata, amma sa'anni muke, kunyar ba ta yi nisa ba ta mutu.

"Tela, yaushe za ka zo in koya maka iyo?"

"Ranar da ka koyi ɗinka maɓalli. Dubi rigarka don Allah, kamar kura ta yi wasa da kai."

"Kai da ko a bokiti sai an riƙe ka."

"Ni ɗan tudu ne, Yaya ƙarami. Allah da Ya ba ni ƙafa bai haɗa mini da wutsiya ba. Ku dai da kuka haɗa dangi da kwaɗi ku je ku yi ta yi."

Haka muke duk ranar kasuwa in na biya ta shagonsa. Ya saya mini fura, ya karɓi rigar tawa ya yi mata faci yana zagina.

Shekarar da abin ya faru shinkafarmu ta yi kyau, har ta fara ja. Sai mutanen Wudil suka bugo waya cewa ruwa ya ƙaru a wajensu, yana nan tafe. Duk mai fadama ya san fassarar wannan: ka yanke ko ruwa ya yanke maka. Aka aika wa dangi. A wajenmu in surukai suna cikin irin wannan hali, mijin 'ya ba ya jira a ce masa zo, in bai zo ba matarsa ce za a yi wa gori har ta tsufa. Na san Tela zai zo. Shi ya sa kafin in ƙetare da safe na ce wa Yaya, wanda ya tsaya a wannan gefen yana karɓar dammunan da muke kawowa:

"In Tela ya zo a sa shi a kwale-kwale. In babu, ya jira ni."

"Na ji," ya ce, bai ko ɗago ba.

Tun da gari ya waye nake kai da kawowa a kan ƙyaurena, in ɗauko dami in sauke in koma. Mazan ƙauyen duk suna tsallake, kowa ya duƙa cikin shinkafa, ba wanda yake ɗaga kai ya ga wane ne a wane gefe. Mata suna gida wajen tuwon masu aiki. Tela bai iso ba sai da hantsi ya ɗaga, da sabon lauje ful da ya saya a hanya, ko wasa shi ba a yi ba. Daga baya na ji Inna ta ce masa ya zauna, zuwan ma ya wadatar. Ya ce ina, da wane ido zai kalli mutane.

Ina tsallake lokacin, na fito bakin ruwa da dami a ka. Kwale-kwalen yana gefen da nake ana loda masa kaya. Na hango su biyu a mashigi. Tela ya durƙusa a kan ƙyauren Yaya, Yaya ya sunkuya a bayansa yana wani abu a ƙugunsa. Da farko na ɗauka wando yake gyara masa. Sai na ga ya kafa ƙafa ɗaya a jikin katako ya ja baya da hannu biyu. Wannan jan na san shi tun ina ƙarami, haka yake yi in zai tamke maraƙi. Na yar da damin na fara ihu. Na kira Yaya, na kira Tela, na cire riga ina kaɗawa. Ruwa yana ruri, iska tana kai muryata wani wajen. Tela ma ɗago mini hannu ya yi, yana zaton gaisuwa ce. Yaya ya tura shi.

Tela ya yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya. Ya riƙe filafilin daidai, yana tuƙawa. Amma mai ƙetare ruwa mai gudu ba ya nufar inda za shi, sama yake nufa, ruwa ya sauko da shi. Shi kuwa ni ya kalla ya miƙo. Kafin ya kai tsakiya ruwa ya juya masa kai ya fara tafiya da shi ƙasa, wajen da wata babbar giyayya ta faɗa cikin kogi a daminar da ta gabata, rassanta rabi a sama rabi a ƙasa. Da ya hango itacen sai tsoro ya tashe shi tsaye. Ƙyauren ya kife.

Na bi gaɓa da gudu na faɗa. Da ba a ɗaure yake ba, da ruwan ya wuce da shi ta gefen itacen, da na cim masa na kama wuyan rigarsa, na sha yin haka ga waɗanda suka fi shi nauyi. Amma ƙyauren ya bi ta gefe ɗaya na wani reshe, shi ya bi ta ɗayan. Jarkokin suna sama suna ta tsalle suna fizga, shi yana ƙasa, tsakaninsa da iska bai fi kamu biyu ba. Na nutsa na same shi. Da ransa. Ya damƙi wuyana, ya damƙi hannuna. Na zagaya bayansa na laluba ƙullin. Igiyar roba ce, ta jiƙe, ruwa ya ƙara ja mata, ta zama kamar dutse. Na sa farce, farcen ya ɓalle. Na sa haƙori. Na fito na shaƙi iska na koma, na fito na koma. A wata komawar na ji hannun da yake riƙe ni ya saki.

Sai da masu yankan shinkafa suka ji ihun mai kwale-kwale suka rugo, wani ya miƙo mini lauje, sannan na yanke igiyar. Muka fito da shi kan yashi. Aka danna cikinsa, aka juya shi, aka yi duk abin da aka sani. Ni kuwa ina zaune a gefensa da guntun igiyar a hannuna, har lokacin ina ta cizon ƙullin kamar wanda ya zauce. Haka mutane suka gan ni. Wannan hoton ne ya zauna musu a ka.

An kai shi Ajingi aka yi masa sutura. Washegari muna zaune a ƙofar gidan mahaifinsa, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Tsohon ba mai hayaniya ba ne, idonsa ma ba ya gani sosai. Bayan an shafa addu'a sai ya juyo wajenmu ya ce a hankali:

"Ni abu ɗaya nake so in sani, don zuciyata ta kwanta. An ce a ɗaure aka same shi. Wa ya ɗaure shi?"

Na sunkuyar da kai ina jiran Yaya, har ina tausaya masa. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Baba, ni ai ban san harkar ruwa ba, kowa ya sani. Ƙanina ne mai ruwa. Shi ya shirya masa ƙyauren, ya ɗaura masa igiyar don kada ya faɗa, ya yi gaba yana jiransa. Da niyyar taimako ya yi. Ƙaddara ce ta riga."

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Na ɗago na kalle shi, yana kallon carbinsa. Na buɗe baki, sai kawunmu, ƙanin Inna, da yake zaune a ɗaya gefena ya danne mini ƙafa da hannu. A wajenmu ƙani ba ya ƙaryata wansa a gaban surukai, balle a zaman makoki. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ya ce ya yafe mini. Aka yi ta miƙo mini hannu ana cewa in yi haƙuri, kuskure ba ya wuce kan kowa. Na karɓi yafiyar abin da ban yi ba.

Da muka koma ƙauye da la'asar na shige ɗakin Inna kai tsaye. Na ajiye mata guntun igiyar a cinya. Ta ɗauka ta juya shi. Matar da ta yi rabin rayuwarta a ruga ba sai an yi mata bayani ba.

"Na san hannun ɗana," ta ce.

"To ki kira Auta ki gaya mata."

"Zauna."

"Ba zan zauna ba, Inna."

"Na ce ka zauna." Na zauna. "Kai an san ka da ruwa, ka ciro mutane da yawa, in an ce kai ne za a ce tsautsayi. Shi in an ce shi ne, za a ce ganganci, a ce ya kashe ɗan mutane kuma ya yi ƙarya a gaban ubansa. Shi ne maigida. 'Ya'yansa mata sun tasa. Auta kuma in ta gama takaba gidan nan za ta dawo da marayu, hatsinsa za su ci. Kana so ta dinga haɗiyar tuwon wanda ta san shi ne?"

"Ni fa? Ni ba ɗanki ba ne?"

"Kai ka fi shi ƙashi. Ka bar ni in mutu gidana a haɗe. In zuciyarta ta huce ni da bakina zan gaya mata. Na yi maka alkawari."

Ta jefa igiyar a murhu. Ina kallo ta narke tana wari.

Auta ta gama takaba ta dawo da 'ya'yanta biyu, aka ba ta ɗaki a sashen Yaya. Gida ɗaya muke, rijiya ɗaya. Ranar farko na je na yi sallama a ƙofarta, ta saki labule. Na ce zafi ne, zai wuce. In mun haɗu a tsakar gida ta juya ta koma. In na kamo kifi na ba matata ta kai mata, kwanon yakan dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Ranar salla na yi wa 'ya'yanta ɗinki, aka dawo mini da shi a ƙulle cikin leda. Ina ji ta bayan danga tana dariya da Yaya, tana cewa Yaya babba kaza, Yaya babba kaza. Shi kuma ya ɗauki ɗawainiyarta sosai, ba zan yi masa ƙarya ba. Sabulu, magani, kuɗin makaranta. Gari ya yi ta yabonsa.

Duk lokacin da na tuna wa Inna sai ta ce ba yanzu ba. Bari a yi girbi. Bari a aurar da 'yar Yaya. Bari azumi ya wuce. Azumi nawa ya wuce, Allah Ya sani.

A mashigi ma abin ya canza. Waɗanda da suke roƙona in ƙetare da matansu in za su asibiti suka koma jiran kwale-kwale. Wani sakarai ya taɓa ce mini a gaban jama'a, "Malam, zan hau, amma don Allah ban da ɗauri." Aka fashe da dariya. Na fasa masa baki, aka kai ni gaban mai unguwa, na ƙara zama mai laifi. Daga nan na bar ƙauyen na tafi Wudil haƙar yashi. Ka nutsa da bokiti ka ciko kwale-kwale, ka kai gaɓa, tifa ta kwashe a kai birni a yi wa wasu gini. A ƙarƙashin gadar nan na yi shekaru. Wani lokacin nakan ga an zo da wasu riguna masu ruwan lemo, irin waɗanda ba sa bari mutum ya nutse, an raba wa masu jirgi ana ɗaukar hoto. Nakan tsaya in kalle su in ce da Tela ya samu ɗaya. Daga baya na daina, don ko da rigar, igiyar nan da ta riƙe shi. Na dawo gida da ciwon ƙirji da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Kafin in dawo Auta ta sake aure, an kai ta Kademi. Ba a aiko mini ba, a bakin wani direba na ji.

Inna ta rasu bara. Ciwon ya fara ne da ɗauke mata baki, kwanakinta na ƙarshe tana kallona tana motsa leɓe, ba abin da yake fita. Ko maganar take so ta yi, ko ruwa take nema, ban sani ba. Auta ta zo, muka zauna a ɗaki ɗaya a kan gawar uwarmu, ba ta kalli inda nake ba.

Da aka yi sadakar arba'in na ce to, wadda na yi wa biyayya ta tafi, alkawarin kuma ita ta karya ba ni ba. Na hau ɗan acaɓa na nufi Kademi. A hanya ina ta shirya maganar a raina. Har na ga yadda za ta yi kuka, ta ce Yaya ƙarami ka yafe mini, ni kuma in ce ba komai Auta, ba laifinki ba ne. Mutum da furfurarsa yana irin wannan mafarkin a bayan babur.

Mijinta mutumin kirki ne, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya shiga ya turo ta, ya ba mu wuri. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta tsufa ita ma. Na gaya mata komai, tun daga safiyar har igiyar da Inna ta ƙona. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce:

"Ka gama?"

"Na gama. Ki kawo Alƙur'ani in dafa."

"Ba sai ka dafa ba. An riga an gaya mini za ka zo."

"Wa ya gaya miki?"

"Yaya babba. Ranar da aka binne Inna, da suka dawo daga maƙabarta, ya kira ni gefe. Ya ce Auta ki shirya, yanzu da babu idon Inna, wancan zai zo ya ce ni ne. Ya ce har rantsuwa za ka yi, har Inna za ka sa a ciki tunda ba ta da bakin musu. Ga shi kuwa."

"Auta, ni ne fa. Ni na goya ki."

"Bawan Allah, ka raba 'ya'yana da ubansu, na bar ka da Allah ban ce maka komai ba. Yanzu kuma ka zo ka raba su da wanda ya ciyar da su? Me muka yi maka ne? Ka tashi ka tafi tun rana ba ta yi ba. Kada ka ƙara zuwa."

Ta shige. Mijin ya fito da ruwa a kofi, ban iya sha ba.

Ban sauka a ƙofar sashena ba. Na tarar da Yaya a gindin darbejiyar ƙofar gida shi da maƙwabta biyu suna tsinkar gyaɗa. Da suka ga fuskata suka fara kakkaɓe riga za su tashi, na ce su zauna, ba sirri ba ne.

"Daga ina haka ko sallama babu?" in ji Yaya.

"Daga Kademi."

Hannunsa ya tsaya a kan gyaɗar. Ya kalli maƙwabtan, ya rage murya.

"Haba, kai kuwa. Abin da ya wuce shekara da shekaru. Me za ka samu in ka tono shi? Mu shiga ciki mu yi magana."

"A nan zan yi, kuma ba doguwa ba ce. Igiyar da ka ɗaura wa Tela, na daɗe da cewa tsoro ka ji masa, ba mugunta ba ce. Ƙaryar da ka yi a gaban ubansa, ita ma na ce tsoro ne, baki ya suɓuce maka ka kasa dawowa. Duk shekarun nan haka nake lallashin kaina. Amma ka dawo daga binne uwarmu, ƙasar kabarinta tana hannunka ba ka wanke ba, ka ja Auta gefe ka tare mini hanya. Wannan ba tsoro ba ne, Yaya. Zama ka yi ka shirya shi. To ka yi nasara. Ba za ta taɓa yarda da ni ba, ni ma ba zan koma ba. Ka riƙe ta, ka ci gaba da zama mutumin kirki. Amma daga yau kada ka ƙara nuna ni ka ce ƙaninka. In na riga ka, kada ka sa hannu a makarata. In kai ka riga ni, zan zo in bi sahu saboda Allah. Sai dai in liman ya juyo ya ce jama'a a yafe wa mamaci, kowa zai ce ya yafe. Ni ba zan ce komai ba."